Yawon Ƙafa a Ƙasar Bebeji da Bagauda

Kowace shekara, da zarar an kau da amfanin gona, hunturu ya fara busawa, sai takardu su yi ta zuwa mana daga shugabannin makarantu, ana neman izni a kai yara yawon buɗe ido. In muka duba, kusan dukansu wuri ɗaya suka nufa, watau birnin Kano: Gidan Makama, da Dutsen Dala, da gidan namun daji na Audu Bako, wani lokaci har da filin jirgin sama. Ba mu ƙi wannan ba ko kaɗan, domin wurare ne da ya kamata kowane yaron ƙasar Kano ya gani. Amma kuɗin mota ya yi tsada, ba kowane uba ke iya biya ba, saboda haka da yawa cikin tafiye-tafiyen nan a takarda suke ƙarewa. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, har malaman da ke koyarwa a ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su ma birni suke hange, alhali kuwa a ƙofar makarantunsu akwai abin kallo da abin koyo wanda ba ya bukatar mota, sai ƙafa da goran ruwa da littafin rubutu.

Ƙasar nan ta kudancin Kano, daga Bebeji har zuwa bakin dajin Falgore, shimfiɗaɗɗiya ce. Ba hawa mai wuya, ba gangara mai tsoro, sai dai duwatsu jefi-jefi da suka tsaya su kaɗai a tsakiyar gonaki, waɗanda yaro ɗan shekara goma zai iya hawa ya sauko ba tare da ya jigata ba. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin Kano, don haka itatuwa sun fi kauri: ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka a gonaki, giginya da ɗinya a bakin fadamu. Mai tafiya ba ya daɗewa bai sami inuwa ba. Hanyoyin ƙafa da burtalai kuwa sun haɗa kowane ƙauye da maƙwabcinsa. Malami mai shekara hamsin da ɗalibinsa mai shekara goma sha biyu duk za su iya tafiyar kilomita takwas ko goma a nan tsakanin hantsi da azahar, su koma gida lafiya.

To, daga ina za a fara? Mu dai a ganinmu daga garin Bebeji, ba daga bakin tafki ba, ko da yake tafkin ne ya fi suna.

Yaran yanzu sun san Bebeji a kan hedkwatar ƙaramar hukuma ce kawai. Ba su sani ba, a ƙarni na 19 tana cikin manyan garuruwan ƙasar Kano, mai ganuwa da ƙofofi, tana zaune daidai kan hanyar fatake wadda ta tashi daga Kano ta nufi Zariya. Duk ayarin da zai tafi Gwanja sayen goro ta wannan hanya, a nan yakan yi zango, jakuna da alfadarai ɗauke da kanwa da baƙin tufa da fatu, ga madugu, jagaba a gaba, uban dawaki yana kula da sha'anin zango. Tafiya ce ta watanni, a ratsa Nufe da Bargu kafin a kai kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe wannan fatauci, kuma da yawansu ba a birni suke zaune ba, a garuruwan kudu da birni suke, inda akwai fili na kiwon dabbobin kaya da gonakin ciyar da iyali kafin maigida ya komo. Bature matafiyi Kyaftin Clapperton ya bi ta Bebeji a watan Yuli na 1826, yana fitowa daga Zariya za shi Kano, ya kuwa rubuta labarinta a kan babban gari ne mai ganuwa, cike da masu ciniki.

A cikin wannan gari aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan Agalawa fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, wata mata mai suna Tata ta rene shi, daga nan laƙabin ya samo asali. Ya fara da fataucin goro irin na iyayensa, da zamani ya juya ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a Kano ran 17 ga Agusta 1955. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda kowane yaro ya san sunansa daga buhun siminti, tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. In malami ya tsaya da yara a tsohuwar kasuwa ya gaya musu wannan, ya ƙulla musu abin da suke gani kullum da abin da ya wuce shekara ɗari da hamsin, cikin magana uku.

Sa'an nan ga labarin ƙofar gari, wanda muke so kowane malamin tarihi ya riƙe shi da kwanakinsa. Ran 29 ga Janairu 1903 rundunar Gwamna Lugga ta tashi daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Morland, sojoji fiye da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa, za su ci Kano. Sarkin Kano Alu a lokacin ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Garin farko da ya tsaya musu shi ne Bebeji, ran 1 ga Fabrairu. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, wanda ake kira Mai Jimina, ya matsa kusa da ganuwa ya nemi a buɗe, aka ƙi. Sai aka saita igwa a ƙofar. Bisa ga rahoton da Lugga kansa ya aika Ingila, harsashin ya fasa ƙofar ya kashe sarkin garin da waɗansu manyansa da ke bayanta. Daga nan garuruwan da ke gaba ba su ƙara tsayawa ba, ran 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi. Littattafan makaranta sukan ambaci ranar faɗuwar Kano, su tsallake Bebeji, alhali a nan aka fara zubar da jini. Mutanen da ba su da igwa, suka rufe ƙofa don Sarkinsu bai ba su umurnin buɗewa ba, sun cancanci jikokinsu su san inda suka tsaya. Dattawan gari su ne za su nuna wurin, su faɗi sunan ƙofar, su faɗi abin da kakanninsu suka ba da labari, wanda ba lalle ya yi daidai da na Lugga ba. Sai malami ya sa yara su rubuta duka biyu, gefe da gefe, su auna. Wannan shi ne aikin tarihi na gaskiya.

Akwai kuma lissafi a ciki. Rundunar nan da ƙafa ta zo, tana jan igwa, ta ɗauki kwana uku daga Zariya zuwa Bebeji, kwana biyu daga Bebeji zuwa Kano. A ba yara taswira da ma'auni su fitar da tafiyar kowace rana, sa'an nan su kwatanta da abin da su suka iya yi da safiyar nan.

Me ya rage wa Bebeji girma? Ba igwa ba ce, jirgin ƙasa ne. Da dogo ya iso Kano a 1911, bai bi ta tsohuwar hanyar fatake ba, ya bi ta Ɗangora da Yako da Madobi. Goro ya koma zuwa ta jirgin ruwa har Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kawo shi Kano cikin kwanaki. Jakuna suka rasa aiki, zango ya mutu, manyan fatake suka tattara suka koma birni inda tasha take. Makarantun ƙasar Ƙiru suna da sa'a a nan, domin dogon yana ratsa ƙasarsu, suna iya kai yara su ga tsohuwar tasha, daga nan su wuce Kwanar Ɗangora su ga yadda hanyar mota ita ma ta janye kasuwa daga bakin dogo zuwa bakin kwalta. Hanya uku ke nan cikin ƙarni guda, ta jaki da ta jirgi da ta mota, kowace ta ɗaga wani gari ta ajiye wani.

Yanzu sai tafkin Bagauda. Akwai kuskuren da muka sha ji a bakin yara, har da waɗansu malamai, cewa wai Sarki Bagauda ne ya haƙa tafkin, ko a bakinsa ya zauna. Ba haka ba ne. Bagauda ɗan Bawo jikan Bayajidda shi ne na farko a jerin sarakunan Kano, kuma a lissafin da Mista Palmer ya yi sa'ad da ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908, ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063. Tarihin ya ce a Sheme ya zauna. Malamin da ke son karanta labarin da Hausa zai same shi a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, akwai kuma Waƙar Bagauda da ke jera sarakuna da shekarunsu. Tafkin kuwa ɗan jiya ne. Kwamishinan 'yan sanda Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa aka datse ruwan wajen 1970, aka gina otal a bakinsa, aka sa musu sunan Bagauda don girmamawa. Tsakanin mai suna da abin da aka sa wa sunan akwai shekara ɗari tara.

Duk da haka wurin yana da nasa tarihi, har da wanda ya shafe mu masu aikin ilmi. A nan masana suka taru a watan Satumba na 1980 suka yi taron da aka sani da taron Bagauda, kan yadda za a yawaita makarantu ba tare da an zubar da ingancin karatu ba, matsalar da har yau ba mu rabu da ita ba. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki da rayuka, daga baya aka sāke gina ta. Yau kuwa reshen Kano na Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya ne ke zaune a Bagauda, don haka mai son kai yara cikin harabar sai ya rubuta wa hukumar makarantar tun da wuri. Bakin ruwan yana da daɗin tafiya da sanyin safiya, ga masunta da komayensu, ga belbela da zalɓe da kirinjijiya.

Tiga ita ce babbar yaya, ko da yake ƙanwa ce a shekaru. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai shekarun babban farin da ya kashe dabbobi daga nan har ƙasar Mali, kamar kilomita 70 kudu da birni. A yadda aka tsara ta, in ta cika, ruwan yana rufe kusan murabba'in kilomita 180. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, in ya tsaya a kan madatsar ya hanga kudu, zai fahimci abin da malamin labarin ƙasa ya daɗe yana ƙoƙarin zana masa a allo. Daga nan babban magudanin ruwa ya miƙa arewa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. Bin gefen magudanin nan shi ne tafiya mafi sauƙi a duk yankin, domin ruwa ba ya hawan tudu. Amma kada malami ya nuna alherin kaɗai. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Haɗejiya, kuma ruwan da aka tsare a Tiga an rage shi ne daga ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya na fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita. Yaran ajin sama suna iya ɗaukar wannan magana, ya kuwa kamata su ji ta.

Akwai wani abu a Tiga da ya fi damunmu, don lokacinsa yana ƙurewa. Kafin ruwa ya taru, akwai ƙauyuka da gonaki da maƙabartu a wannan kwari, aka tashe su aka mai da su sababbin matsugunai. Wanda yake saurayi mai shekara ashirin a 1974, yau ya haura saba'in. Su ne kaɗai za su iya tsayawa a bakin ruwa su nuna da yatsa su ce nan ne kasuwa take, can ne rijiyarmu, ga inda kukar gidanmu take. In shekara goma ta ƙara wucewa ba a rubuta ba, sunayen garuruwan nan za su nutse kamar yadda garuruwan suka nutse.

Ban da waɗannan wurare masu suna, ƙasa kanta littafi ce ga wanda ya koyi karatunta, kuma wannan ne ya kamata kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu kafin su fita. In ka ga kukoki sun taru a fili babu gida kusa, to kufai ne, mutane sun taɓa zama a nan, ka duba ƙasa za ka ga fasassun tukwane da duwatsun niƙa. In ka ga doguwar kunya mai faɗi ta lanƙwasa ta ratsa gonaki, da kwari a bayanta, ragowar ganuwa ce da gwalalonta. Ramuka masu da'ira da suka jeru kusa da juna, bakinsu da toka mai tauri, karofi ne na marina, abin da ba shi da wuyar samu a ƙasar da ke maƙwabtaka da Rano da Kura, inda baba da rini suka yi suna. Baƙaƙen duwatsu masu nauyi da ƙofofi-ƙofofi kuwa kashin tama ne, shaidar an taɓa narka ƙarfe a wurin. Sunan gari ma yana magana. Duk inda ka ji Kafi, kamar Kafin Maiyaƙi a ƙasar Ƙiru, ka san an taɓa kewaye wurin da itace don tsaro. Me ake tsoro? A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun yi ta kai hari kudancin Kano, suna kama mutane da dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya shafe shekaru da yawa na sarautarsa yana fama da su. Wannan ya sa manomi ba ya kwana a gona, kowa yana neman bayan ganuwa kafin magariba.

Waɗannan alamu kuwa suna ƙarewa a kan idonmu. Ana haƙar ƙasar ganuwa ana yin tubali, galma da tarakta suna baje abin da ya saura, ana cike karofi da shara, burtali yana ƙanƙancewa shekara-shekara har ya zama kunya ɗaya. Ba mugunta ke sa haka ba, mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, kuma ba wanda ya taɓa gaya wa mai gona cewa tudun da ke tare masa garma yana da wata daraja. A Ingila, da suka ga hanyoyin ƙafarsu suna ɓacewa haka, sai suka yi doka a 1949 wadda ta sa kowace hukumar gunduma ta zana su a taswira, hanyar da ta shiga taswira kuwa ba mai ikon toshe ta. Mu ba mu da irin wannan, amma muna da akawuna a kowace ƙaramar hukuma da ofishin kowane hakimi, magadan malaman En'e na da, waɗanda littattafansu na haraji da na zagayen gunduma su ne yau masu bincike ke nema ido rufe a gidan adana takardu na Kaduna. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen 2009, aka ƙaddamar da komo da shi a 2022. Yaran da suka tashi a tsakani, waɗansunsu su ne malamai yanzu. Ba laifinsu ba ne, amma gyaran yana wuyanmu duka.

Daga Tudun Wadan Ɗankadai, garin shinkafa, in aka nufi kudu, sha'ani ya sāke. Nan dajin Falgore ya fara, wanda Turawa suka keɓe da sunan dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a zamanin Audu Bako, a ƙarshen 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin wurare 10 da ta amince a ɗaga su zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 900. Ɓarayin shanu da masu satar mutane sun sha fakewa a cikinsa, saboda haka ba mu yarda malami ya shiga da yara ba sai da iznin hukuma da rakiyar ma'aikatan daji. Bayansa kuma ƙasar Doguwa ce, mai masara, inda shimfiɗar ta ƙare, duwatsun Riruwai suka tashi sama da mita 1,000. A can mutanenmu suke narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke tun kafin zuwan Turawa, kuma bin sawun irin wannan kuza a kasuwanni ne ya kai Kamfanin Neja ga ma'adinan tudun Jos a 1902. Wannan tafiya ce ta manyan ɗalibai da kwana a hanya, ba ta safiya ɗaya ba.

Game da shiri, lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an girbe, ƙasa ta bushe, zafin bazara bai sauko ba. Malami ya fara bin hanyar shi kaɗai ko da abokin aikinsa mako guda kafin ranar. Ya je ya gai da hakimi ko dagaci, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da ya san gari, a kuma tanadi goron da za a ba shi. A sanar da iyaye a rubuce. Malami ɗaya kada ya riƙe yara fiye da ashirin, in da 'yan mata a tafi da malama. A tashi da sassafe, kowa da ruwansa da ɗan guzurinsa, a komo kafin la'asar. Kada a bar yaro ya shiga ruwan tafki ko na magudani, ko da ya ce ya iya iyo, domin ban da nutsewa akwai tsargiya a irin wannan ruwa. Kada a tsinki kome a gonar mutane, kada a taka maƙabarta, abin da aka tsinta a kufai a zana shi a auna shi a bar shi inda yake.

In an komo, kowane yaro ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, da sunan wurin yadda mutanen wurin ke faɗinsa. Malami ya zaɓi mafi kyau ya haɗa da taswirar hanyar da aka bi, ya yi kwafi uku: ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a kai ofishin hakimi, ɗaya a aiko wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Muna roƙon akawuna su buɗe wa waɗannan takardu fayil nasu dabam, da sunan kowace gunduma a bayansa, kada a cusa su cikin na wasiƙu. Makarantun da ke kewaye da Tiga kuwa, su fara da tsofaffin da aka tasa daga kwarin, tun a hunturun bana.